Lambar Kunnen Saniya, Rumbun Bayanai da Lambatun Birni

Idan babbar jami'a ta fitar da jerin binciken da malamanta suka gudanar a shekara, sai ka ga ayyukan da ba dangin iya ba na baba. Wannan yana nazarin manhajar da manyan kamfanoni ke tafiyar da sito da albashi da ciniki da ita. Waccan tana auna zafin unguwanni da yawan ruwan da lambatu zai iya kwashewa. Wancan kuma yana can gona riƙe da sikeli yana auna nonon shanu. A Jami'ar Ahmadu Bello ma haka abin yake: cibiyar kwamfuta mai sunan Iya Abubakar tana Samaru, masu tsara birane suna tsangayarsu, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI kuma tana Shika. Kowa da mujallar da yake bugawa a ciki, kowa da taron da yake halarta.

Amma wanda ya bi diddigin ayyukan da suka fita daga jami'a suka amfani jama'a, da waɗanda suka ƙare a kan kanta ƙura ta rufe su, zai tarar abu ɗaya ne ya raba su a duka fannonin uku. Me aka auna, da wane ma'auni, wa ya rubuta, a ƙarƙashin wace lamba, kuma ina rubutun yake bayan shekara goma? Aiki ne maras armashi, ba a gayyato minista ya buɗe shi, don haka shi ake fara zaftarewa idan kasafi ya matse.

Zaɓen iri lissafi ne

Saniyar Bunaji a hannun makiyayi, bayan maraƙi ya sha nasa, da wuya a tatsi fiye da lita biyu a rana. Saniyar Holstein, mai jinin Turai, a Amurka tana ba da sama da kilo 10,000 na madara a shekara. Abinci da magani suna da nasu kaso a wannan tazara, amma tushenta rubutu ne. Tun 1895 manoman Denmak suka kafa ƙungiyar auna madarar kowace saniya, sauran ƙasashe suka bi sahu, aka shafe sama da shekara ɗari ana zaɓen iyaye bisa abin da littafi ya nuna.

Ƙa'idar da masana ke aiki da ita mai sauƙi ce. Ci gaban da za a gani a 'ya'ya shi ne fifikon iyayen da aka zaɓa a kan sauran garke, a ninka shi da kason da gado ke ɗauka a wannan siffa. A madara, kason gado yana tsakanin kashi 25 zuwa 30 cikin 100. Ragowar abinci ne da yanayi da lafiya da hannun mai kiwo. A ɗauka garke yana ba da matsakaicin lita 600 a zangon tatsa guda, sai aka zaɓi iyayen da darajarsu ta kai 900. Fifikon lita 300 ke nan, amma abin da 'ya'ya za su gada rubu'insa ne, wato lita 75. In uwa kaɗai aka zaɓa, aka bar kowane bijimi ya hau, sai a raba wannan gida biyu. Ga shi kuma karsanar Bunaji a ruga takan kai shekara huɗu zuwa biyar kafin haihuwar fari. Ribar kowace shekara 'yar kaɗan ce, sai dai tana taruwa a kan ta baya, muddin ba a katse rubutun ba. Da an katse shi shekara uku saboda kuɗin bincike ya ƙare, ba a san wace ce 'yar wace ba, an koma farko.

Wannan ne ya sa kaji suka riga shanu a binciken Najeriya. Kazar ƙwai ta ShikaBrown da NAPRI ta samar, da FUNAAB Alpha ta Jami'ar Aikin Gona ta Abeokuta, sun yiwu ne domin kaza tana fara ƙwai da kimanin mako 20, ana samun sabon zubi kusan kowace shekara, kuma ana iya sa kowace a kejinta a ƙirga ƙwanta ɗaya bayan ɗaya. Saniya tana daji, yau tana nan, gobe ta bi burtali.

Charles Henderson na Jami'ar Cornell shi ya ƙirƙiro lissafin da ke ware tasirin gona da na lokacin shekara daga na gado, don kada a yaba wa saniya alhali dusa da anguryar mai gidanta ne suka yi aikin. A 2001 wasu masana uku, Meuwissen da Hayes da Goddard, suka nuna za a iya hasashen darajar dabba daga dubban alamomin ƙwayoyin gadonta tun tana jaririya, kuma daga 2009 Amurka ta fara aiki da shi a hukumance, da gwaji mai duba alamomi kusan 50,000. A nan ne jami'o'i da yawa ke tuntuɓe. Sai a sayo na'urar gwajin da miliyoyi, a manta cewa lissafin yana buƙatar dubban dabbobin da aka san ƙwayoyin gadonsu kuma aka san madararsu, su ne ma'aunin da ake gwada sauran a kai. Ma'aunin Holstein ba ya aiki a kan Bunaji ko Bokoloji ko Azawak. Shi ya sa aikin cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ƙasa, ILRI, a Tanzaniya da Habasha ya fara da tura ma'aikata gidajen ƙananan masu kiwo suna shigar da madarar wata-wata ta wayar salula.

Abin da ake rubutawa ba shi da yawa: lambar dabba, uwa, uba, ranar haihuwarta, ranar kowace haihuwa da ta yi, madarar safe da ta yamma na yini guda a kowane wata, nauyi ko da da tef ne a zagaya ƙirji, cuta da maganin da aka ba ta, da ranar da ta bar garke tare da dalili. Kurakuran ma sanannu ne. Ana auna madara da ƙwarya ko gwangwani, alhali kumfa na cika ido. Sikeli ake so. Ana mantawa a rubuta ko maraƙi ya tsotsa kafin tatsa ko bayanta. Mafi muni, ana rubuta masu kyau a ƙyale waɗanda suka rame ko suka mutu, sai sakamako ya nuna irin da aka haɗa da na Turai ya yi fice, domin waɗanda sammore da kirci da zafi suka kashe ba sa cikin jadawalin.

Zafin ma da lissafinsa. Akwai ma'aunin da ke haɗa zafi da danshin iska, ana ce masa THI. Da can ana cewa saniyar madara tana fara wahala daga 72, binciken Jami'ar Arizona ya sauko da shi zuwa 68 ga masu yawan madara. A sa digiri 38 da danshi kashi 20, irin na bazara, za a samu kusan 82. A sa digiri 30 da danshi kashi 80, irin na watan Agusta, za a samu kusan 83. Wato ranar da mutum ke cewa gari ya yi sauƙi, saniya mai jinin Turai tana haki, ta rage cin abinci, ba ta ɗaukar ciki. Ɗalibin da ya auna zafi kawai bai auna danshi ba, ya bar rabin labarin a baya. Masu bincike a Jami'ar Florida sun gano wani gado guda a shanun Senepol mai sa gashi gajere ya kwanta lub, jiki ya fi saurin fitar da zafi, yanzu kuma ana shigar da shi cikin Holstein.

Duk wannan ya rataya a kan lamba. Alamar kunne ta lantarki tana aiki da zangon kilohaz 134.2, tana ɗauke da lambobi 15, ukun farko na ƙasa ne ko na kamfanin da ya ƙera: Najeriya 566, Nijar 562. Ƙaya na fizge ta, don haka ake haɗawa da ta roba a ɗaya kunnen, ko a ɗura wa saniya wani dunƙulen tangaran mai lamba ya zauna a cikinta. Ƙasar Yurugwai ta wajabta sa wa kowane maraƙi lamba daga 2006. A wajenmu akwai abin da na'ura ba ta warwarewa: makiyayin da kakanninsa suka san jangali ba ya son a ƙirga masa shanu. In bai ga riga-kafi ko farashi mai kyau ko hanyar gano dabbar da aka sace a bayan lambar ba, zai cire ta, kuma da gaskiyarsa.

Inda lambar ke kwana

Manhajar da bankuna da kamfanonin jiragen sama ke dogaro da ita ta samo asali ne daga wata maƙala da Edgar Codd na kamfanin IBM ya buga a 1970, inda ya ce a ajiye bayanai a jadawalai masu alaƙa da juna ta hanyar lambar shaida. Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tana cikin na farko da suka mayar da tunanin manhaja mai aiki, da Ingres a shekarun 1970, sannan Postgres daga 1986, wadda ta zama PostgreSQL da kowa ke iya saukewa kyauta a yau. DHIS2 da ma'aikatun lafiya na ƙasashe da dama ke tattara alƙaluma da ita, har da Najeriya, daga Jami'ar Oslo ta fito. ODK, da ake cike fom a waya ba tare da intanet ba, a Jami'ar Washington aka raine ta. Kayan aikin suna nan, kyauta. Tsarin ne ke ba da wahala.

Dokar farko: abu ɗaya, lamba ɗaya, kuma a wuri ɗaya kaɗai ake rubuta bayaninsa. Jadawalin dabbobi daban, na masu su daban, na abubuwan da suka faru daban. In an sayar da saniya, ba a goge sunan tsohon mai ita. Ana ƙara sabon layi ne mai ɗauke da rana da sabon suna, ta yadda ranar da boru ko ciwon huhu ya ɓulla za a iya bin sawun duk karar da ta ratsa. Doka ta biyu: aikin da ke da matakai biyu ko dai ya kammala duka ko a soke shi duka. Kamar ciniki ne a kara, igiya ba ta barin hannun mai saniya sai kuɗi sun shiga. In wuta ta ɗauke bayan an cire saniya daga sunan Malam Wane kafin a shigar da ita sunan mai saye, rumbu mai inganci zai mayar da komai yadda yake.

Mafi yawan ɗalibanmu ba rumbu suke amfani da shi ba, Excel ne, kuma nan ake kwana a ciki. Lamba mai tsawon 15 in ta shiga gurbin da ba a saita shi a matsayin rubutu ba, sai ta koma wani abu kamar 5.66E+14, aka ajiye fayil ɗin a tsarin CSV a haka, lambobin ƙarshe sun tafi ke nan, shanu ɗari biyar sun zama saniya ɗaya. Sifilin farkon lambar waya yana ɓacewa. Ranar 03/04 wani na nufin 3 ga Afrilu, kwamfutar abokin aikinsa ta karanta 4 ga Maris. Wannan bai tsaya kan masu koyo ba. Wani nazari na 2016 ya gano kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da suka haɗa da jerin sunayen ƙwayoyin gado a Excel suna da kuskure, domin manhajar tana mayar da suna irin SEPT2 zuwa 2 ga Satumba, har dai a 2020 kwamitin da ke raɗa sunayen ya gwammace ya sauya su. A Oktoban 2020 hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta rasa sakamakon gwajin korona kusan 16,000 na wasu kwanaki, saboda tsohon tsarin fayil ɗin ba ya wuce layi 65,536.

Aiki a karkara yana da nasa tarkon. Ma'aikaci ya danna turawa, sabis ya yanke, ya sake dannawa, saniya ɗaya ta haihu sau biyu a rana guda. Maganinsa shi ne wayar ta ba kowane fom lambarsa ta musamman tun lokacin cikewa, rumbu ya ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu. A kuma sa iyaka a gurabe: madarar da ta wuce lita 60 a rana, ko haihuwa biyu cikin wata shida, fom ya tsaya ya tambaya tun ma'aikacin yana gaban saniyar.

Manyan kamfanoni ma sukan sha ƙasa, kuma galibi a kan ma'anar lamba. Kamfanin kantuna na Lidl a Jamus ya yi watsi da aikin sauya manhajarsa zuwa SAP a 2018, bayan kimanin shekara bakwai da kuɗin da jaridun ƙasar suka ƙiyasta ya kai Yuro miliyan 500. Ɗaya daga dalilan da aka ruwaito shi ne kamfanin yana lissafa kayan sito da farashin saye, manhajar kuma an gina ta a kan farashin sayarwa, aka yi ta yi mata kwaskwarima har ta gagara. Duk jami'ar da za ta sayi manhajar tafiyar da rajista da albashi da sakamakon jarrabawa, ta fara zaunar da ofisoshinta su yarda a kan wane ne ɗalibi: wanda aka ba gurbi, ko wanda ya biya kuɗi, ko wanda ya yi rajistar darussa?

Sai ɗakin da na'urorin suke. Alƙawarin aiki kashi 99.9 cikin 100 yana nufin tsayawar kusan awa tara a shekara, 99.99 kuma minti 53. Da wutar da muke da ita, wannan lissafin janareta ne da batir da man dizal kafin ya zama na manhaja. Iskar da ke shiga na'urorin ana so ta tsaya tsakanin digiri 18 zuwa 27, ƙurar hunturu kuma tana toshe matata cikin makonni. Akwai ma'aunin PUE, wato duk wutar da ginin ya sha a raba da wadda kwamfutocin suka sha. In na'urori suna cin kilowat 100, ma'aunin ya nuna 1.8, to kilowat 80 na tafiya a sanyaya ɗaki da asarar wuta a wayoyi, sama da kilowat-awa 700,000 a shekara. Kwafin ajiya kuwa uku ake yi, a nau'in ma'aji biyu, ɗaya a wani gini daban, kuma duk wata uku a gwada dawo da shi. Kwafin da ba a taɓa gwada buɗewa ba, ranar gobara ake gane cewa fanko ne.

Birni: zafi da ruwa

Binciken zafin birane ya yawaita a jami'o'inmu saboda hotunan tauraron Landsat kyauta ne. Sai dai tauraron yana auna zafin doron ƙasa da rufin gini, ba iskar da mutum ke shaƙa ba; yana wucewa da hantsi, sau ɗaya a kwana 16, kuma kowane ɗigon zafi a hoton yana wakiltar kimanin mita 100. A ƙasar da ke bushe kamar Kano ko Sakkwato ko Yamai a watan Maris, fakon da ke bayan gari yakan fi cikin gari zafi da hantsi, sai ɗalibi ya rubuta cewa birni ya fi ƙauye sanyi. Da dare ne siminti da kwalta ke sakin zafin da suka sha, lokacin da mutum ke neman barci ƙarƙashin rufin kwano, kuma lokacin ne hoton bai gani ba. Gyaran shi ne a kafa ƙananan ma'aunai a tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, cikin kariyar da rana ba ta dukansu kai tsaye, suna rubutawa duk minti goma, dare da rana, a unguwanni masu gini iri daban-daban. Stewart da Oke na Jami'ar British Columbia sun fitar da rabe-rabe 17 a 2012 don a riƙa kwatanta unguwa da irinta.

Ahmedabad ta Indiya ta nuna amfanin haɗa wannan da rajista. A watan Mayun 2010 zafi ya kai digiri 46.8. Da masu bincike na cibiyar lafiyar jama'a ta Gandhinagar da abokan aikinsu suka duba littafin mace-macen birnin rana-rana, sai suka ga ƙarin mutum 1,344 a kan abin da aka saba. Daga nan aka fitar da tsarin gargaɗi a 2013, mai matakai, mafi tsanani daga digiri 45, tare da shirya asibitoci da raba ruwa, daga baya aka ƙara da shafa farin fenti a rufin gidaje. Garin da ba ya rajistar mutuwa ba zai iya yin wannan lissafin ba, ko da ma'aunin zafi dubu ya kafa.

Lissafin ruwa ya fi sauƙi, ya kuma fi ban tsoro. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kusan murabba'in mita 450 ne, ruwan milimita 50 zai zuba masa lita 22,500. In fili ne mai ciyawa da bishiya, abin da zai gudu waje bai fi kashi 30 ba, lita 6,750. In an rufe shi da kwano an daɓe tsakar gida da siminti, kashi 90 ne, sama da lita 20,000. A faɗaɗa zuwa unguwa mai murabba'in kilomita ɗaya, da ruwa mai ƙarfin milimita 60 a awa: tana fili, kwalbati zai karɓi kubik mita 5 a daƙiƙa, ta cika da gini, kubik mita 15. Kwalbatin kuwa shi ne dai wanda aka zuba lokacin tana fili, ga leda da yashi sun cinye rabinsa, ga kududdufan da a da suke riƙe ruwan an cike su an yi shaguna. Abin da wannan lissafi ke buƙata shi ne ƙarfin ruwa na minti 15 ko 30, amma yawancin tashoshinmu jimillar yini suke rubutawa. Milimita 50 cikin awa goma shayar da gona ne, cikin minti 40 kuma ambaliya.

A ɓangaren iska, aikin AirQo na Jami'ar Makerere a Kampala abin koyi ne: masana kwamfuta ne suka ƙera ƙananan ma'aunai masu jure ƙura da aiki da hasken rana, suka haɗa su da rumbu guda. Irin waɗannan ma'aunai masu araha suna ƙirga ɓurɓushi da haske, don haka danshi yana sa su ƙara, manyan ƙwayoyin ƙurar hunturu kuma suna kuɓuce musu. Dole a jera su gefen babbar na'ura ta asali na makonni, a damina da rani, a fitar da lissafin gyara kafin a yarda da abin da suka ce.

A mayanka ake haɗuwa

Saniyar da aka sa wa lamba a ruga a birni take ƙarewa, ta bar taroso da jini da ruwan wanki. A ɗauka mayanka tana yanka shanu 200 a rana, kowace ta bar kilo 25 na taroso: tan biyar ke nan. Don a mayar da shi iskar gas, ana dama shi da ruwa daidai wa daida, ya zama kimanin kubik mita 10 a rana. Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi suna buƙatar kusan kwana 30 a zafin digiri 35, don haka tankin ya zama mai ɗaukar kubik mita 300, ban da sararin gas. A ƙiyasin lita 40 daga kowane kilo, irin na ɗanyen kashin shanu, za a samu kubik mita 200 na gas a rana, kashi 55 zuwa 65 nasa iskar metan ce. Kowane kubik mita yana ɗauke da zafin kusan kilowat-awa shida. In an ƙona shi a janareta, kimanin kashi 30 ne ke zama lantarki, wato kilowat-awa 360. In an yi amfani da shi kai tsaye wajen tafasa ruwa da babbaka a madadin taya, ribar ta fi haka, unguwa kuma ta huta da baƙin hayaƙi.

Dalilan mutuwar irin waɗannan tankuna ba ɓoyayyu ba ne. An gina su a kan adadin da shugaban mahauta ya faɗa da baki, ba a kan rajistar yanka ba, alhali yankan jajiberin salla da na tsakiyar damina ba ɗaya ba ne; in lodi ya yi yawa farat ɗaya sai tsami ya rinjaya, ma'aunin tsami na pH ya faɗo ƙasa da 6.5, masu samar da metan su tsaya. Jini yana da sinadarin naitirojin mai yawa, in aka zuba shi ba awo sai amoniya ta taru ta kashe aikin. Gara a tare shi daban tun wurin yanka, domin in ya shiga lambatu ma ƙazantarsa ta ninka ta ruwan bayan gida sau ɗaruruwa. Yashin da ake sharowa daga daɓe yana kwanciya a gindin tanki yana cin wuri, sai an yi masa ramin tacewa a gaba. Ruwan da aka wanke ƙasa da maganin kashe ƙwayoyin cuta bai kamata ya shiga ba. Sanyin hunturu yana rage gas in tankin ba a binne yake ba. Gas ɗin kansa yana zuwa da tururi da iskar mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke cin ƙarfen inji, don haka ana sa tarkon ruwa a mafi ƙasƙancin bututu, da tukunyar tsatsar ƙarfe da ake sauyawa a kai a kai.

Birnin Linköping na Suwidin ya fara sarrafa sharar mayanka ta wannan hanya a ƙarshen shekarun 1990, motocin bas na garin suka koma aiki da gas ɗin, jami'ar garin kuma ta kafa cibiyar bincike a kai. A can dokar Tarayyar Turai ta ce sai an niƙa irin wannan shara zuwa milimita 12, a dafa ta a digiri 70 na awa ɗaya kafin ta shiga tanki, don kada takin da zai fita zuwa gona ya kwashi cuta. Masu kula da tankin suna auna zafi da tsami da amoniya da yawan gas, suna ƙara ɗan sinadarin ƙarfe da kobal idan ƙwayoyin sun yi rauni. A mayankarmu, awon da zai hana tanki mutuwa bai fi huɗu ba a kullum: nauyin abin da aka zuba, zafi, pH, da abin da mitar gas ta nuna. Gas yakan fara raguwa, tsami ya fara hawa, kwanaki kafin tankin ya tsaya cak, kuma mai riƙe da littafi zai rage lodi zuwa rabi ya ƙara ɗanyen kashin shanu har ya farfaɗo.

Wanda zai riƙe littafin shi ne matsalar da takardar neman tallafi ba ta cika ambata ba. Kuɗin bincike, ko na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ko na waje, shekara biyu zuwa biyar yake yi. Ɗalibin digiri na uku yana kammalawa ya tafi da kwamfutarsa, da kalmar sirrin rumbun a kansa. Jami'ar da ke son aikin ya ɗore sai ta rubuta tun ranar farko cewa bayanan mallakar sashe ne, a ajiye su a rumbun jami'a tare da takardar da ke fayyace ma'anar kowane gurbi da ma'auninsa, a ware albashin ma'aikacin fasaha na dindindin, a kuma cire sunaye da lambobin wayar makiyaya da mahauta kafin a raba wa wasu, kamar yadda dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta tanada.